Daga Bakin Sankira zuwa Shafin Jarida

A ƙasar Hausa duk ƙungiyar da ta amsa sunanta tana da sakatare, kuma cikin ayyukansa akwai wani ɗan ƙarami da ba a cika yi masa kallon aiki ba. Idan taron shekara ya gabato, ko saukar karatu a Islamiyya, ko ƙaddamar da gidauniyar gyaran maƙabarta, shi zai zauna ya rubuta takarda mai shafi ɗaya, ya faɗi abin da za a yi da rana da wuri, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya kai gidan jarida ko gidan rediyo. Mun saba da wannan takarda ƙwarai, alhali ko shekara 100 ba ta yi a cikinmu ba. Yawancin masu rubuta ta suna ɗauka amfaninta ɗaya ne, ta tara jama'a. Tarihinta ya nuna wani abu dabam. Wajen tara jama'a rubutu bai taɓa kamo ƙafar murya ba a ƙasar nan, tun zamanin sankira har zuwa na rediyo. Abin da sanarwar jarida ta kawo sabo shi ne ta ba talakawan da suka haɗa kansu damar yin magana da sunansu a bainar jama'a, ta kuma bar shaidar cewa sun yi. A kan wannan ya kamata a auna ta.

Kafin zuwan jarida, kiran jama'a yana da masu shi. Idan sarki yana da umarni, ko an ga wata, ko za a fita gayyar gyaran ganuwa, sankira ko mai shela ne zai fita, sau da yawa da makaɗi a gabansa, ya tsaya a ƙofar fada, ya tsaya a bakin kasuwa ranar cinta. Ba ya buɗe baki sai kiɗa ya sa an yi tsit, kuma abin da zai fara faɗi shi ne daga wa saƙon ya fito. Daga birni magana ta gangara wurin hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Liman yana da nasa rabo bayan an sallame sallar Juma'a. Al'amuran gida kuwa, aure da suna, goro ne ke kai su, wanda aka miƙa wa goro an gayyace shi ke nan. Tsari ne mai aiki, yana iya tara gari guda tsakanin hantsi da azahar. Sai dai yekuwa haƙƙin sarauta ce. Mutum ba ya tashi haka kawai ya sa a buga gangami don shi da abokansa suna son tattauna halin da gari yake ciki. Wanda ya yi haka ba izini, neman tayar da fitina za a ce yana yi. Rubutu kuma akwai shi, domin Daular Usmaniyya da wasiƙun Larabci masu hatimi ta gudana tsakanin Sakkwato da sarakunan tuta, kuma da dama daga cikinsu suna nan a ajiye har yau. Amma wasiƙa daga mai mulki take zuwa ga mai mulki, ko daga malami zuwa malami. Abin da aka shelanta wa talaka a kasuwa, da an watse ya bi iska. Shi ya sa muna iya karanta abin da Wazirin Sakkwato ya rubuta wa Sarkin Kano, ba mu san ranar da maƙeran wata unguwa suka taru ba, balle abin da suka yanke.

Ita takardar da ake rubuta wa jarida musamman don ta buga, da Amurka aka fi danganta asalinta. A watan Oktoba na 1906 jirgin ƙasa ya faɗa ruwa daga kan gada a garin Atlantic City, mutane fiye da 50 suka mutu. Ivy Lee, tsohon ɗan jarida da ke yi wa kamfanin jirgin aikin hulɗa da jama'a, ya shawo kan shugabanninsa su rubuta bayanin abin da ya faru da kansu su miƙa wa 'yan jarida, kuma New York Times ta buga bayanin yadda aka kawo shi. A can, mai ƙarfin da ke da bakin magana tun asali ne ya ƙirƙiro ta don ya riga kowa faɗin labarinsa, daga baya salon ya gangara zuwa makarantu da ƙananan ƙungiyoyi. A nan hanyar da ta biyo dabam ce, kuma waɗanda suka fi cin moriyarta su ne waɗanda a da ba su da baki.

A 1932 gwamnatin mulkin mallaka ta fara fitar da Jaridar Nijeriya ta Arewa, cikin Turanci da Hausa da Larabci, 'yan lokuta kaɗan a shekara. Ta sarakuna ce da ma'aikata, abin da ke cikinta daga sama yake sauka. Canji ya zo a watan Janairu na 1939, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana edita. Cikin dalilan kafa ta akwai jita-jitar da ta cika ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, gwamnati kuma tana neman bakin da zai ƙaryata. Wato ita ma don shelar hukuma aka yi ta. Amma Imam ya buɗe ƙofar da ba a iya rufewa daga baya ba, ya ba wasiƙun masu karatu wuri. Malamin makaranta a Gusau, akawun En'e a Azare, ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, duk wanda ya iya boko yana da kuɗin kan sarki, zai iya rubuta abin da ya faru a garinsu ya aika Zariya, ba tare da ya bi ta hannun mai unguwa ko dagaci ba.

Akwai abin da ake yawan tsallakewa a nan. Gaskiya sau ɗaya a wata ta fara fita. Wasiƙa za ta bi jirgin ƙasa ko mota kafin ta kai Zariya, a tace ta, a jera haruffanta na dalma, a buga, sannan jaridar ta sake bin hanyar nan ta koma. Taron da za a yi jibi ba shi da abin da zai samu a irin wannan jarida. Abin da ya dace da ita shi ne labarin abin da aka riga aka yi: an buɗe makaranta, an kafa ƙungiya, an zaɓi wane shugaba wane ma'aji. Wanda ke auna sanarwa da yawan mutanen da ta tara zai ce aikin banza ne, tunda an riga an watse. Ga matasan 'yan boko na shekarun 1940 kuwa abu ne babba. Su kaɗan ne, yawancinsu sun fito daga makarantun midil da Kwalejin Katsina wadda ta koma Kaduna a 1938, an warwatsa su cikin lardunan da ke da tafiyar kwanaki a tsakaninsu. A Bauci Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna zaman muhawara, a Sakkwato Shehu Shagari da abokansa suna da ƙungiyar matasa, a Zariya da Kaduna da Kano akwai makamantansu. Babu sankiran da zai kai labarin wannan taro ga wancan, domin iyakar muryarsa iyakar ƙasar ubangidansa. Takarda da gidan waya da jarida ne suka sa kowane rukuni ya san ba shi kaɗai ba ne. Lokacin da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, shi kansa editan Gaskiya yana cikin waɗanda aka kafa ta da su, kuma wannan ba haɗuwar hanya ba ce.

Shekarun 1950 ne lokacin da sanarwar gari ta sami gidanta na ainihi. Gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, dubban manya suka shiga aji, sai aka ga cewa wanda ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, mantawa zai yi. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a Zariya daga 1954 zuwa 1959, ta fitar da littattafai, ta kuma fitar da jaridun larduna. Kano tana da Sodangi, Katsina tana da Himma, Sakkwato Zaruma, Zariya Bazazzaga, Bauci Zumunta, Filato Gamzaki, Barno Albishir, Adamawa Ardo. A ganina ba a ba wannan gwaji haƙƙinsa ba a tarihin aikin jarida na ƙasar nan. Hikimarsa tana ga girman da aka zaɓa. Jaridar da ake karantawa daga Sakkwato har Yola ba za ta iya ba gayyar haƙa rijiya a wani ƙauye wuri ba, domin ga mutumin wani lardi wannan ba labari ba ne. A jaridar lardi kuwa labari ne sosai: mai karatu ya san ƙauyen, ya san dagacin, wataƙila 'yar'uwarsa tana aure a can. A wannan ma'auni ne ranar nunin amfanin gona, da zuwan malamin allurar shanu, da sakamakon ajin yaƙi da jahilci suke zama abin bugawa. Manomin da ya kwashe watanni yana haɗa baƙi da wasali a gindin fitilar ƙwai, ranar da ya bi layi da yatsa ya tarar da sunan ƙauyensu, ranar ya gane cewa boko abu ne da shi ma zai iya aika saƙo da shi. Bayan an rushe NORLA jaridun nan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a sake samun tsari irin nasu da ya game Arewa ba. A Nijar ma, bayan samun 'yancin kai, hukumar yaƙi da jahilci ta riƙa fitar da ƙananan jaridun Hausa na yankuna saboda wannan dalili guda.

Za a ce, kuma da hujja, ai duk jaridun nan na hukuma ne. Gwamnati ta kafa Gaskiya, ita ta kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya a 1945, jaridar lardi kuma ba za ta buga abin da zai ɓata wa En'e rai ba. To ina bakin talaka a nan? Wanda ya san abin da 'yan jam'iyyar NEPU suka sha bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ba zai raina wannan suka ba. Lacca ba ta yiwuwa sai da izinin En'e, izinin sau da yawa ba ya samuwa, wanda ya tara mutane ba tare da shi ba yana iya kwana a gidan yari. Tsohuwar ƙa'idar cewa kiran jama'a haƙƙin sarauta ne ba ta mutu ba, shiga littafin doka ta yi. Sai dai a dubi abin da 'yan NEPU suka yi. Sun yi aiki da waƙa da lacca, babu shakka, amma sun kuma rubuta takardu da sa hannun sakatare, suka kai wa jaridar Comet ta kamfanin Dokta Azikiwe da ake bugawa a Kano, da jaridun Kudu. Sana'ar da aka koya a inuwar hukuma ita aka juya aka fuskanci hukuma da ita. Ana iya hana edita buga takarda, amma sakataren da ya riga ya iya rubuta ta zai nemi wata maɗaba'a.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi: mutum nawa suka iya karatun boko a lokacin? Kaɗan ne ƙwarai, a cikin mata ma abin ya fi ƙaranci. To amma ƙidayar masu karatu dabam, ta masu ji dabam. Jarida a ƙasar Hausa da ƙarfi ake karanta ta. Kofi ɗaya zai shiga zauren mai unguwa, ɗan elementare yana karantawa, dattawa sun kewaye shi suna tsayar da shi da tambaya, gobe a aika da ita rumfar tela, jibi ta ƙetare zuwa wani ƙauye. Masu ajami kuma, waɗanda suka fi masu boko yawa nesa ba kusa ba, an yi ta ƙoƙarin kai musu nasu, har zuwa jaridar Alfijir da kamfanin Triumph na Kano ya riƙa bugawa cikin ajami a shekarun 1980. Rubutu ya shiga bayan murya ne ya ba ta abin dogaro. Saƙon baka yana ƙaruwa yana raguwa daga baki zuwa baki, Laraba ta koma Alhamis, fam 5 ya zama 50. Wanda aka karanto daga takarda kuwa, in gardama ta tashi, sai a ce a ɗauko jaridar a sake dubawa. Al'ummar da ta san darajar shaida a shari'a da ciniki da aure ba ta buƙatar a koya mata amfanin wannan.

Sai rediyo ya zo, kuma a fagen kira dole a sallama masa. Tun akwatunan da ake ja wa waya zuwa gidaje da dandali a Kano da wasu birane a shekarun 1940, har zuwa buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 da yaɗuwar ƙaramin rediyo mai batir, murya ta karɓe wannan aiki gaba ɗaya. Akwai sanarwar da jarida ba za ta taɓa iya ɗauka ba. Musulmi ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Yaro ya ɓace a kasuwa, cigiyarsa ta yau ce. An ɗage ɗaurin aure, dole a sanar kafin mutane su kama hanya. Shi ya sa har yau ba a wasa da filin sanarwa, a tashoshin gwamnati da masu zaman kansu irin Freedom da aka buɗe a Kano a 2003. Amma mai gabatarwa takarda yake karantawa. Wani ne ya zauna ya rubuta ta, a madadin iyalan wane, ana gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki, Allah ya ba da ikon halarta. Wani ya kai ta ofishin talla ya biya kuɗin karantawa sau biyu ko sau uku. Sana'ar sakatare ce dai ta sami sabon baki, sai dai rabin aikinta ya faɗi a hanya. Da an karanta an wuce, mai sauraro ba shi da abin da zai ninke ya sa a akwati. Mai binciken da yake son sanin yaushe aka kafa ƙungiyar direbobi a wani gari, idan an aika wa jarida a lokacin, yana da inda zai je ya buɗe tsofaffin kofe a Kaduna ko Zariya. Idan a rediyo kaɗai aka faɗa, sai ya nemi tsohon da ya rage, ya yi fatan bai manta ba.

Ita kanta takardar ta sha gwagwarmaya kafin ta zauna a siffar da muka sani, domin al'adu biyu ne suka yi karo a cikinta. Wasiƙar Bahaushe da gaisuwa take farawa, da fatan alheri, da jero manya bisa darajarsu, sai can ƙasa a ce bayan haka. Jarida kuwa so take a fara da abin da za a yi, da wanda zai yi, da wuri da lokaci, saboda dalili na aiki: idan shafi ya cika, daga ƙasa edita yake yankewa. Sakataren da ya ajiye ranar taro a layin ƙarshe, bayan ya gama ambaton uban taro da babban baƙo da mai masaukin baƙi, yana iya buɗe jarida ya ga sunayen manya sun fito, ranar ta tafi. Daidaiton da ya fi aiki shi ne abin da za a yi da rana da wuri su zo a farko, sunaye su biyo. Wasu suna ganin jerin sunayen nan fadanci ne da ɓata wuri. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. A wurinmu sunan uban taro bayani ne. Shi ke gaya wa mai karatu wa ya tsaya wa wannan taro, wa za a tuhuma idan kuɗin gidauniya ya salwanta, ko magidanci zai bar iyalinsa su je. Nauyin da sunan sarki yake ɗauka a cikin shela ne ya koma kan mutanen da suka yarda a rubuta sunansu. Haka nan lokaci da wuri. Takardar da ta ce ƙarfe 4 na yamma kawai ba ta kai wadda ta ce bayan sallar la'asar ba, domin kowa ya san ba za a fara ba sai an idar. Wadda ta ce a firamaren da ke kusa da tashar mota ta fi wadda ta ba da lambar titin da ba wanda ya san sunansa. Babu dalilin goge waɗannan don a dace da littafin koyarwa na waje. Abin gogewa shi ne cika baki, irin su taron da ba a taɓa yin irinsa ba da dubun dubatar jama'a, alhali rumfa biyu aka kafa.

Cika bakin nan shi ne tushen suka mafi zafi, wadda 'yan jarida da kansu suke yi. Takardar sanarwa mai ita ne ya rubuta ta, saboda haka yabon kai ce; edita mai ƙarancin ma'aikata yana buga ta ba bincike; wani lokaci ambulan ce ke raka ta, har iyakar da ke tsakanin talla da labari ta ɓace. An ga ƙungiyoyin da ba su da kowa sai shugaba da hatimi suna fitar da sanarwa da sunan matasan jiha guda. An ga taron ƙaddamarwa da aka buga alkawarin miliyoyi, ba a dawo an buga cewa ba a biya ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana zubar da mutuncin takardar sakataren kirki. Amma a lura da inda irin wannan ƙarya take samun wurin zama. Tana bunƙasa ne a jaridar da ke nesa da wurin da abin ya faru, inda edita a Abuja ko Legas ba shi da hanyar sanin ko ƙungiyar tana nan, masu karatunsa ma haka. A jaridar da ake karantawa a garin da aka yi taron, wanda ya rubuta cewa mutum 1,000 sun hallara zai haɗu da maƙwabtansa a masallaci da magariba, su kuwa sun ƙirga tabarmi. Lalacewar sanarwa tana nuna rashin ƙananan jaridun da za su riƙe ta a inda ake iya tantance ta. Abin da ke wuyan edita, babba ko ƙarami, shi ne abin da aka biya ya rubuta masa talla kowa ya gani, abin da ba a biya ba ya ɗaga waya ya tabbatar kafin ya buga.

Tun bayan jaridun larduna, duk abin da aka kafa sama ya riƙa kallo. New Nigerian ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, Gaskiya ta koma ƙarƙashin kamfaninta, dukansu na Arewa baki ɗaya. Da aka ƙirƙiro jihohi sai jaridun jiha suka biyo, kamar Triumph da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, amma idonsu yana kan gidan gwamnati. Amana ta kamfanin Concord, da Aminiya da ta fara fita a 2006, sun yi wa Hausa hidima babba, sai dai faɗin ƙasar da suke yi wa aiki ya fi ƙarfin a ba kowace gayya wuri. Gyaran tsarin mulkin ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da ƙaramar hukuma matakin mulki mafi kusa da talaka, yau akwai 774 a Nijeriya, Kano kaɗai tana da 44, kuma da wuya ka sami wadda ke da jaridar da mutanenta ke aika wa labarinsu. Sakataren yau ya koma WhatsApp da Facebook, kuma wajen kira sun yi masa abin da rediyo ma bai yi ba. Amma katin da ake turawa sau da yawa rana da wata kawai yake ɗauke da su ba shekara, ba wanda ya tantance shi, kuma yana zaune ne a wayar da za ta lalace, ko a share ta don a sami wurin sabbin hotuna. Ƙungiyoyin ci gaban gari, masu gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da kuɗin karo-karo, su suka fi kowa asara, domin su ke yin aikin da ba ya shiga kundin gwamnati. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin rufin makaranta za ta iya ɗaukar nauyin shafi huɗu sau ɗaya a wata, da Hausa, a ajiye kofi a ɗakin karatu na jiha da hannun sakatare. Sodangi da Himma sun yi aikinsu a lokacin da sai an kai aiki Zariya kafin a buga. Yau da wuya a sami babban garin da ba shi da mai kwamfuta da injin ɗab'i a bakin kasuwa.